Dusar da Malam Ya Cinye wa Akuya

Aikin farko da aka ba ni a gidan Ya Falmata a Nguru surfe ne. Ta zuba gero a turmi, ta yayyafa masa ruwa da tafin hannu, ta miƙo mini taɓarya, ta koma kan tabarmarta ta ba ni baya. Lokacin ban daɗe da zuwa daga Katuzu ba, gidan da maigidana, Malam, ya kama mana haya yana jikin nata, ita kuma duk unguwar furarta ake sha. Na yi ta bugu har kafaɗuna suka ɗau zafi. Da na ga geron ya yi haske sai na tsaya na ce, "Ya Falmata, ya yi."

Ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta ce, "'Yar Katuzu, ke kika ce ya yi. Turmin bai ce ba."

Da kunne take gane surfe. Gero in da sauran dusa a jikinsa, ƙarar taɓarya a dushe take fita, kamar ana dukan katifa. In ya fita tas, sai ƙarar ta washe. Sai da damina ta zo ta wuce kafin kunnena ya fara jin bambancin.

Na fara da wannan ne saboda ku, 'yan matan da kuke zuwa gidana koyon fura. Kusan kowaccenku ranar farko sai ta ce, "Inna, ai fura ba wuya, a kai inji, a cura, a dafa, a kirɓa." To, ban ce ƙarya kuka yi ba. Amma tsakanin kowace kalma da 'yar uwarta akwai aikin da ba ku gani ba. Ku ɗauki rege kawai. Geron da ake kawowa daga wajen Kumagannam ƙwayarsa cikakkiya ce, ba ya da na biyu a fura, sai dai a kan rairayi ake sussukarsa. Za ki zuba shi a ƙwarya da ruwa, ki riƙa juya wuyan hannunki a hankali, geron yana gangarawa cikin ɗaya ƙwaryar, yashin yana kwanciya a ƙasa. Kika yi gaggawa, yashi ya bi. Wanda ya tauna yashi a furarki kuwa ba zai yi miki faɗa ba. Zai ce an gode, gobe ki hango shi zaune a gaban wata.

Kayan aikin ba su da yawa. Turmina na ƙirya ne, tun na Nguru, bakinsa ya cinye ta gefe ɗaya saboda ta nan nake tsayawa. Sai faifan bakace, rariya, ƙore, da ludayin duma. Na taɓa gwada ludayin roba, bai murƙushe gaya kamar na duma, na ba yara suka yi wasa da shi.

A wurin Ya Falmata, darajar fura farinta ne. Takan ɗauki gaya ɗaya ta raba shi biyu ta ɗaga wajen haske. In ta ga ɗigon dusa ko guda, sai ta ajiye gefe ta ce, "Wannan ta akuya ce." Ba furarta kaɗai ba, haka duk masu sana'ar suke. Fura mai duhu alamar raguwar mace ce, wadda ta ji tsoron taɓarya. Dusa da ƙasari kuwa, wato ruwan wankin surfe, rabon dabbobi ne. Shi ya sa ba za ki shiga gidan mai fura ki rasa akuya ba.

Da Malam ya samu tuƙin a-kori-kura tsakanin Gashuwa da Kumagannam, muka dawo Gashuwa, na kafa tawa furar kusa da tasha. Masu sayen furata direbobi ne, da masu bandar kifi, da 'yan kasuwar da ke sauke kaya. Nono wurin Fulani nake saye da sassafe. A zamanin Ya Falmata, baƙo ake zuba wa sukari. A nawa zamanin kowa ya koma cewa, "Inna, a saki hannu." Ni kuwa in saki, tunda abin da mai saye ke so ke nan. Malam ma haka. Da ciwon baya ya sauke shi daga mota, aka ba shi kujera a rumfar tasha yana tsara layin lodi. Daga safe har yamma a zaune. Bayan la'asar a kai masa babbar ƙwarya, fara sol, sukari har yana kwanciya a ƙasa. Ko masallacin ƙarshen layinmu a babur yake zuwa.

Shekarar da ruwa ya yi ambaliya ya shiga unguwannin bakin kogi, ita ce mummunar shekarata a sana'a. Gero ya yi tsada, wanda ake samu ma ya sha danshi, kina surfe yana dagargajewa. Ana cikin haka Malam ya fara shan ruwa kamar ba gobe, yana rama, yana cewa idonsa na ganin dishi-dishi. 'Yata Zainabu tana aikin jinya a asibiti. Ta zo gida ta leƙa bayan ɗaki, ta ga kiyashi sun taru inda ya yi fitsari, sai ta ce, "Baba, gobe ka shirya."

Likita ya ce ciwon suga ne, kuma hawan jini ya haɗu da shi. Ya rubuta magani. Sannan ya ƙara da cewa: ƙoda lafiyarta lau tukuna, amma in sugan ya ci gaba da zama a sama haka, can zai nufa. Ku 'yan Gashuwa ne, ba sai na yi muku bayanin abin da wannan kalmar take nufi a garin nan ba. Kowa ya san gidan da ake ɗaukar wani a mota zuwa wankin ƙoda a wani gari. Abin da muke gudu ke nan.

Muka yi masa jinya irin wadda muka gada. Aka shimfiɗa masa tabarma da matashi a zaure, ko buta ba a bari ya ɗauka. Masu dubiya suna zuwa da lemon kwalba da burodi da madarar gwangwani, kowa yana cewa, "Malam, daure ka sha, ka samu ƙarfi." Ni kuma na ƙara wa surfensa bugu don furar ta yi laushi ta wuce masa ba wahala. A tasha labari ya bazu cewa fura ce ta kwantar da shi. Direbobin da suka yi shekaru suna zama a bencina suka fara wucewa suna ɗaga mini hannu daga nesa. Wata rana da rabin furar nake komawa gida.

Zainabu ta zo ranar hutunta ta tarar da kwalabe jere a zaure. Ta kwashe su tas ta kai wa maƙwabta. Sannan ta zauna kusa da ni a bakin turmi.

Ta ce, "Inna, an tara mu a wurin aiki an yi mana bita. Masu bincike a kan ciwon nan sun ce abu biyu suna taimaka wa magani ƙwarai. Na farko, hatsi in an bar masa dusarsa, ba ya sakin zaƙinsa cikin jini farat ɗaya, a hankali yake saki. Na biyu, in mutum ya ci abinci ya tashi ya taka da ƙafa, ko ba nisa, naman jikinsa yana jan sugan ya ƙona. Zaman nan da kuka sa Baba, shi ne abin da ba a so."

Na ce, "Wato dusar da nake ba akuya?"

Ta yi dariya. "Ita. Gero ma an ce yana cikin hatsin da suka fi dacewa da masu suga, in ba a cire masa riga ba. Amma ba sukari, kuma gaya ƙarami. Miyar ganye da wake su yawaita. Maganinsa kuma kar ya tsallake." Ta dubi turmin ta ce, "Ni abin da ake so na sani. Yadda za a yi ya ciwu, wannan naki ne."

Furar farko da na yi ba surfe, ni kaina ban iya haɗiye ta ba. Na wanke geron na kai inji haka nan. Ta fito da duhu, tana da bauri, tana maƙale a wuya, kuma ta ƙi haɗuwa, ina mulmulawa tana wargajewa. Garin da ya rage na ajiye, kafin jibi ya canza wari. Duk da haka na dama na kai wa Malam. Ya ɗaga ludayi ya duba, ya kurɓa, ya ajiye.

Ya ce, "Hassu, laifin me na yi miki?"

"Zainabu ce ta ce."

"Zainabu ta ce a mai da ubanta akuya?"

Na ɗauke ƙwaryar. Gaskiyarsa ce, ba ta shawuwa.

Wannan ita ce furar da kuke cewa ta fi sauƙi tunda ba a surfe. Ku saurara. Na koma turmi na yi ta gwaji har na gano cewa ba barin surfe ake yi ba, tsayawa ake yi a hanya. Ki yayyafa ruwa kaɗan, ƙasa da na kullum. Ki yi bugu sama-sama, don ƙaiƙayi da ƙurar gona su fita, dusar ta zauna. Kunnen da Ya Falmata ta koya mini in jira washewar ƙara da shi, da shi na koma tsayawa tun ƙarar tana dushe. Hannuna ya daɗe yana ƙin tsayawa. Sai ki wanke har ruwan ya daina duhu, nan baurin yake fita. Ki niƙa na ranar kaɗai, don gari mai dusa ba ya kwana. Kar a niƙa ya yi luƙui, a bar masa ɗan tsaki. Citta da kanumfari su fi na kullum. A tukunya ta fi farar daɗewa, a kirɓi ma haka, kina yayyafa ruwan zafi har ta yarda ta kama jikinta. Sannan kindirmo mai kyau, ya fi furar yawa a ƙwarya.

Ranar da na dace, Malam ya sha, ya sake kurɓa. Ya ce, "Da sukari da ta yi daɗi." Amma ya shanye. A bakinsa wannan yabo ne.

Tafiyar ƙafa ce ta gagara, kuma ba don ya ƙi ba. Ya sha furarsa bayan la'asar ya sa hula ya fita. Ban gama wanke ƙwarya ba na ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Alhaji Modu ne, maƙwabcinmu mai shagon hatsi, ya sauke shi.

Na ce, "Malam, har ka dawo?"

Ya ce, "Ko kwanar layi ban kai ba. Alhaji Modu ya tsaya ya ce, lafiya, ina mashin? Na ce motsa jiki nake. Ya ce, motsa jiki da furfurarka, ƙwallo za ka fara? Hau don Allah, kar a ce Modu ya wuce ka a ƙasa kana ciwo. To, in ce masa me?"

Dole ya hau. A garin nan dattijo mara lafiya ba ya tafiya a ƙasa mai abin hawa ya wuce shi, kuma in an tsaya maka ka ƙi hawa, ka ci fuskar mutum. Washegari wani direban tasha ne ya ɗauko shi. Rana ta gaba mai keke-napep, ya rantse ba zai karɓi ko sisi ba. Ya canza hanya ta bayan makaranta, can ma aka tsince shi. Kafin mako ya zagayo, magana ta zaga cewa Malam ya sayar da babur saboda kuɗin asibiti. Mutanen tasha suka haɗa hannu suka aiko mana da buhun farar shinkafa.

Malam ya tsaya a kan buhun nan ya daɗe. Sannan ya cire hularsa ya rataye ya ce, "Na gama. An mai da ni abin tausayi. In zan mutu in mutu a zaune da mutuncina."

Ya koma tabarma. Da aka koma awo, sugan ya ɗan sauka amma bai kai inda ake so ba, jinin ma haka. Likita ya sake ambaton ƙoda. A hanyar dawowa Zainabu ta yi ta lallashi, "Baba, ko zagaya tsakar gida ne." Ya ce shi ba jakin niƙa ba ne da zai yi ta kewaya wuri ɗaya.

A lokacin ina da wata jar akuya, uwar garke, mai baki kamar me. Tunda mutane suka ragu a bencina, surfen farar fura ya ragu, na Malam kuma ba ya ba da dusar kirki. Ciyawa ta yi tsada bayan ambaliya. Akuyar nan ta rame, kullum na ɗaga taɓarya sai ta zo ta tsaya a kaina tana kuka. Wata la'asar tana wannan kukan, Malam yana shan furarsa a zaure, ya ɗaga murya ya ce, "Hassu, ki ba dabbar nan abinci mana, ta hana mutane sakat."

Na ce, "Me zan ba ta, Malam? Abincinta ne a hannunka."

Ya dubi ƙwaryar, ya dubi akuyar.

Na ce, "Tunda ka cinye mata dusa, ai sai ka kai ta inda za ta samu ciyawa. Hakki ne."

Ban faɗa da wata dabara a raina ba, gajiya da kukan ce ta sa. Amma Malam mutum ne da ba ya wasa da kalmar hakki. Ya shanye furar, ya ɗauko igiya ya ɗaura mata, suka fita.

Na kasa kunne ina jiran ƙarar babur. Shiru. Na wanke ƙore, na share tsakar gida, na ɗora tukunyar miya. Sai dab da magariba suka shigo, akuya ciki ya yi tim, Malam gumi har ƙeya, ƙafarsa duk taɓon fadama.

"Ba wanda ya ɗauko ku?"

Ya ce, "Modu ya tsaya. Ya ce, a'a, Malam, kiwo aka koma? Na ce eh. Ya ce, madalla, abu mai albarka, Allah ya sa ta yi tagwaye. Ya ja mashin ɗinsa ya tafi." Ya zauna yana haki. "Wannan ba akuya ba ce, jirgin ƙasa ne. Ita ke ja na."

Ashe abin da ake nema ke nan. Dattijo shi kaɗai a ƙasa abin a taimaka ne. Dattijo da igiya a hannu kuwa yana kan aikinsa, ba mai tare shi. Daga ranar, ya karya kumallo su fita, ya sha fura da la'asar su fita. Ran da ya ji kasala, ita ba ta san wannan ba, za ta zo ƙofar zaure ta yi ta kuka har ya tashi. Zainabu ta saya masa takalmi rufaffe, ta ce mai suga ba ya shiga fadama da silifa, kuma kullum ya duba tafin ƙafarsa in ya dawo. Shinkafar tasha kuwa muka rarraba wa dangi, muka bar kaɗan ta ranar Juma'a, ita ma da wake da ganye fiye da ita.

A bencina, direba ɗaya ne ya fara tambaya, a hankali kamar mai neman abin kunya: "Inna, wai akwai irin ta Malam?" Shi ma an gwada shi an ce sugansa ya fara hawa. Na ba shi. Na gaya masa abin da nake gaya wa kowa har yau, kuma ku ma ku riƙe: wannan fura ce, ba magani ba. Wanda aka rubuta wa magani ya sha abinsa. Wanda ya ce a ninka masa gaya tunda mai dusa ce, ki ce a'a, ko zai yi fushi. Sannu a hankali benci ya koma cika. Yanzu ƙwarya biyu nake fita da su, fara da mai duhu, kuma sau da yawa mai duhun ce take fara ƙarewa. Nakan tuna Ya Falmata, Allah ya jiƙanta. Da ta raba gayan nan ta ɗaga wajen haske, na san abin da za ta ce.

Bayan girbi aka koma babban gwaji, na jini da na fitsari. Tare muka je. Malam ya sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, a kan benci kuwa sai jan carbi yake. Zainabu ta shiga da shi wurin likita, ni na zauna a waje ina kallon ƙofar. Da ta buɗe, fuskar Zainabu na fara duba.

Ta ce, "Inna, ƙoda lafiya lau. Suga ya sauko, jini ma ya daidaita. An ce ya ci gaba da maganinsa da duk abin da yake yi, kar ya canza komai."

Na ce alhamdu lillahi. Na sake faɗa.

Malam ya fito yana gyara hula. Ya ce, "Likita ya tambaye ni wa ke sa ni tafiya kullum ba fashi. Na ce wata 'yar gidanmu ce, ba ta da haƙuri ko kaɗan. Ya ce in gaishe ta."

Da Sallah ta matso, wani mai sayen dabbobi daga Machina ya biyo layinmu, ya ga jar akuyar ta yi ƙiba tana sheƙi, ya yi ciniki mai kyau. Akuyar tawa ce, amma kafin in buɗe baki Malam ya fito daga zaure ya ce, "Ba ta sayarwa ba ce. Duba wancan bunsurun."

Har yanzu in na ɗaga taɓarya da hantsi, su biyun nan sai sun zo. Ita ta tsaya a dama tana kuka a cire mata dusa da yawa. Shi ya tsaya a hagu da igiya a hannu yana cewa, "Hassu, ya isa haka, kar ki surfe mini ita duka." Ni kuwa ba na sauraron kowa a cikinsu. Turmin nake saurare.